Wutar Da Ba Ta Hayaƙi Ita Ce Abar Tsoro

Kamar yadda kowa yake gani, iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya lulluɓe sararin sama, leɓuna da dugadugai sun fara tsagewa, masu shayi kuwa kasuwarsu ta buɗe tun daga asuba. A birnin Maiduguri, inda mutane suka fi sabawa da zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sanyin dare a watannin Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 12, wani lokaci ma ya yi ƙasa da haka. 'Yan'uwanmu Barebari suna kiran wannan lokaci binem, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Yerwa cikinsa ya san ɗarin ba na wasa ba ne, musamman ga tsofaffi da jarirai da masu jego.

Saboda haka a wannan mako za mu duba yadda muke ɗumama ɗakunanmu, domin kowace shekara idan sanyi ya shigo sai an ji labarin gidan da aka kwanta lafiya, gari ya waye aka ɓalle ƙofa aka tarar da mutane a sume, ko kuma rai ya yi halinsa, alhali ko zare bai ƙone a ɗakin ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, wutar da muke ɗauka mai tsabta ce saboda ba ta hayaƙi, watau garwashin gawayi da wutar gas, ita ce ta fi buƙatar a yi kaffa-kaffa da ita, domin tana kisa ba tare da ta yi sallama ba.

Bari mu fara leƙa ƙasashen da suka fi mu sanyi, mu ga yadda suke yi. A Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai, akan gina murhun jin ɗumi a jikin bangon falo, a ja masa bututu ya bi ta cikin bango har ya fita saman rufi, ta yadda hayaƙi zai tashi ya fice, zafi ya rage a ɗaki. A da itace da kwal suke sa wa murhun. Da zamani ya zo, gidaje da yawa, musamman a Amurka, suka koma ga abin da za mu iya kira itacen gas. Wasu gungume ne na ƙarya da ake yi da gasasshen yumɓu ko siminti mai jure wuta, a yi musu siffar itace har da ɓawo, a jera su bisa wani bututu mai ƙananan huji da gas yake fitowa ta ciki. Idan aka kunna, sai ka rantse itace ne yake ci, amma ba toka, ba tartsatsi, ba hayaƙin da ido zai gani.

Wannan itacen gas iri biyu ne. Akwai wanda ba a kunna shi sai murfin bututun hayaƙi yana buɗe, har ma akan ɗaure murfin da wani ɗan ƙarfe don kada wani ya rufe shi da mantuwa. Akwai kuma wanda aka ƙera domin ya ci a ɗaki ba tare da bututu ba, shi kuwa wannan tilas ne a sa masa wata 'yar na'ura mai lura da iskar ɗakin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, da zarar ya ragu zuwa wajen kashi 18 sai na'urar ta datse gas ɗin da kanta. Duk da wannan dabara, masu ƙera shi suna gargaɗin kada a bar shi yana ci a tafi barci, jihar Kalifoniya ma ba ta yarda a kafa irin wannan a cikin gida ba sam. Daɗin daɗawa, a jihohi da dama doka ta wajabta a maƙala ƙararrawar gano iska mai guba kusa da ɗakunan kwana, kuma ana shawartar maigida ya kira gwani ya duba murhun da bututun sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo, don kada tsuntsu ya yi sheƙa ya toshe hanya.

To, da duk wannan tanadi, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce sama da mutum 400 ne suke mutuwa a ƙasar kowace shekara ta hanyar shaƙar wannan iska ba da gangan ba, ban da waɗanda gobara take ci. Idan mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zama da wuta a cikin ɗaki ba sa kunna ta sai sun yi mata mafita, ina ga mu da muke shigar da kasko ɗaki mu toshe kowace kafa da tsumma?

Mu dawo gida. Ɗauki unguwa kamar Abbaganaram, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar Maiduguri, inda gidaje suke manne da juna, lunguna suke da ƙunci, iyali guda kuma kan cushe a ɗaki ɗaya ko biyu. A irin waɗannan gidaje babu murhun bango, babu bututu. Abin da yake akwai shi ne kasko da kurfoti, sai kuma 'yar ƙaramar tukunyar gas mai kan girki a bisanta, wadda ta yawaita a shekarun nan. Idan aka sauke tuwon dare, uwargida takan kwashi rushin da ya rage ta zuba a kasko ta kai ɗaki domin yara su ji ɗumi, wataƙila ma ta barbaɗa ɗan turaren wuta, wanda kowa ya san matan Barno sun yi fice a kansa. Mai gas kuwa yakan ce bari ya kunna kan girkin na ɗan lokaci ɗaki ya yi ɗumi, sa'an nan barci ya sace shi.

Wani zai ce ai iyayenmu da kakanninmu da wuta suke kwana, me ya same su? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin ginin ɗakin da kuma irin wutar. Ɗakin da, na jinka ne ko na zana, iska tana ratsa shi ta ko'ina, ƙofarsa asabari ce ko tufaniya. Wutar kuma ta itace ce, wadda in ta fara turnuƙe ɗaki idanu za su yi yaji, tari ya sarƙe mutum, ko yana so ko ba ya so sai ya tashi ya ɗaga asabari. Hayaƙin nan da muke ƙi, shi ne ɗan aiken da yake tashin mai barci. Yau ɗakin bulo ne da siminti, da rufin kwano da silin, da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe, ga labule mai kauri, ga tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda ƙura. Mun kyautata ɗaki har ya zama kamar tulu mai murfi, mun kuma sauya wuta zuwa wadda ba ta da ɗan aike.

Ba kuwa don son zuciya mutanen Maiduguri suka sauya makamashi ba. Tun daga shekarar 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke, shiga daji neman itace ya zama kasada, an kashe masu yin itace da yawa, an sace wasu. Kananzir ya yi tsadar da talaka ya haƙura da shi. A watan Janairu na 2021 aka fasa turakun lantarkin da suke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, janareta ya zama abokin zaman gidaje da shaguna. A watan Maris na shekarar ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin shekaru goma na bunƙasa amfani da gas, ana ta kiran jama'a su bar itace domin a ceci dazuzzuka. Kiran yana kan hanya, kuma girki da gas ya fi girki da itace lafiya ga ƙirjin mata da yara, wannan ba gardama. Amma an miƙa wa mutane tukunya ba a haɗa musu da ilmin zama da ita ba.

Mene ne ainihin abin da yake kisan? Kowace wuta, ta gawayi ce ko ta gas ko ta fetur a cikin inji, tana cin oksijin kamar yadda mutum yake shaƙarsa. Idan iska ta wadata, wutar takan cinye makamashinta sarai. Idan iska ta yi ƙaranci, sai ta riƙa fitar da wata iska da masana suke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari. Gawayi yana fitar da ita sosai, kuma yana ci gaba da fitarwa ko da ya yi ja wur ba alamar hayaƙi, ko da toka ta lulluɓe shi ana zaton ya mutu. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa sinadarin jinin da yake ɗaukar oksijin zuwa sassan jiki, kuma ƙarfin maƙalewarta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Watau mutum yana numfashi, ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna mutuwa da yunwar iska.

Alamominta na farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, daga nan sai ruɗewa, sai gaɓoɓi su mutu ta yadda mutum yana ganin ƙofa amma ba shi da ƙarfin isa gare ta. Mai barci kuwa ba ya ma jin ko ɗaya, daga barci sai suma. Jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini su ne take fara kayarwa, mace mai ciki kuma abin da yake cikinta ya fi ta shiga haɗari. A nan ya kamata ungozomomi da kakanni su saurara, domin al'adarmu ce a rufe ɗakin mai jego ruf a ajiye mata garwashi don kada sanyi ya shige ta. Niyyar mai kyau ce, amma jaririn kwana uku ba shi da bakin da zai ce kansa yana ciwo.

Akwai wata ɓarna ta biyu da rashin sanin wannan iska yake jawowa, wadda ba a cika magana a kanta ba. Idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda sun suma ko sun mutu, ba rauni ba ƙuna, abin da ake fara tambaya shi ne, me suka ci jiya, wa ya dafa, wa ya aiko? Nan da nan sai zargi ya faɗa kan kishiya, ko maƙwabciyar da ta aiko da ɗan wake, ko a ce sammu ne, ko a ce mutanen ɓoye ne suka taɓa su. Ta haka aure yakan mutu, zumunci ya yanke, a bar baiwar Allah da tabon da ba za ta iya wankewa ba, alhali mai laifin yana nan a kusurwar ɗaki, toka ta rufe shi. Ga ma'auni mai sauƙi: idan mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka kamu da ciwon kai da jiri a lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi da suka fita tsakar gida, to ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, ba kuma abinci ba ne, a duba wutar da take ɗakin.

Janareta ma ɗan gidan su kasko ne, har ya fi shi saurin kisa. Tsoron ɓarayi yakan sa a shigar da shi zaure ko baranda ko bayan taga a rufe ƙofa. A watan Disamba na 2024, a wani wurin shaƙatawa mai suna Gudauri a ƙasar Jojiya, an tarar da gawarwakin mutum 12, ma'aikatan wani gidan abinci, a ɗakunan kwanansu, bayan an kunna janareta a cikin ginin saboda ɗaukewar lantarki. Abin da ya kashe su a can cikin ƙanƙara shi ne abin da yake kashe mutane a nan cikin hazo.

Gas yana da nasa haɗarin na daban, watau yoyo. Abin da yake cikin tukunya ruwa ne da aka matse, idan ya fito yakan kumbura ya ninka kansa wajen sau 250, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya fice ta taga, sai ya kwanta a ƙasa kamar ruwa, ya shige ƙarƙashin gado, ya taru a kwata. Kashi 2 cikin 100 kacal na iskar ɗaki ya isa ƙyastin ashana ko taɓa makunnin lantarki ya tashi ɗakin. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar da mutum. Mutanen Kaduna ba za su manta da ranar 4 ga Janairu 2020 ba, sa'ad da gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, mutane suka rasu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya.

Mutanen Abbaganaram da Gwange da sauran unguwannin da ambaliya ta shafa suna da wani dalili na musamman na duba tukwanensu. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Tukunyar da ta kwana da kwanaki cikin ruwa da laka, tsatsa takan ci gindinta a hankali, inda ido bai cika kaiwa ba, fenti sabo kuma ba ya mayar da ƙarfen da ya zaizaye. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, ta ce rayuwar tukunyar gas shekara 15 ce, kuma ana gwada ta duk bayan shekara 5. Shekarar da aka ƙera ta tana rubuce a jikin marikinta, mai karatu ya tashi ya duba tasa yau.

To, mene ne abin yi? Ba cewa muke a kwana cikin ɗari ba. Mai son ɗumama ɗaki da kasko ya hura gawayin a tsakar gida, ya shigar da shi na ɗan lokaci taga tana buɗe, mutum babba yana zaune idonsa biyu, sa'an nan ya fitar da shi waje ya kashe kafin kowa ya kwanta. Turaren wuta ma haka, in ƙamshi ya kama ɗaki a fitar da kaskon. Kada a ajiye shi kusa da katifa ko gidan sauro ko labule, kada a shanya kayan jariri a kansa. Kan girkin gas kuwa na girki ne, ba a mai da shi abin jin ɗumi. Wutarsa shuɗiya ce in yana lafiya, idan ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, to hujin ya toshe ko iska ta gaza, a kashe a gyara. Ɗumin dare a neme shi wurin bargo da rigar sanyi da hula da safa, da kwalbar ruwan zafi da aka naɗe da zane aka sa a gefen ƙafafu. Janareta a ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa, in ana tsoron ɓarawo a yi masa keji da sarƙa.

Ita tukunyar gas a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, inda iska take wucewa, ba a ɗakin kwana ba. Kada a matsa wa mai ɗuri ya cika ta maƙil, ana barin wajen kashi 20 cikin 100 domin gas ɗin ya sami wurin kumbura idan rana ta yi zafi. A riƙa duba tiyo, domin zafin Barno yana busar da roba ta tsattsage, ɓeraye kuma suna gaigayarta. Mai zargin yoyo ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya ga kumfa tana tashi to ga inda matsalar take, kada ya kuskura ya gwada da ashana. In an shigo gida aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a kunna tocila ko waya a wurin, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa aka tarar da mutane a sume, abu na farko shi ne a wangale ƙofa da taga, a janyo su waje cikin iska da gaggawa, mai ceton ma kada ya daɗe a ciki. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja ko rubutu, domin ba ya iya haɗiya, abin zai zarce huhunsa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi Keke Napep ko mota a garzaya Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko asibitin da ya fi kusa, a gaya wa likita cewa da wuta aka kwana. Maganin shi ne oksijin. A iskar waje jiki yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, amma da oksijin zalla abin bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi, musamman mai ciki, domin illar takan dawo wa ƙwaƙwalwa bayan kwanaki.

Hukuma ma tana da nata kason. Ya kamata 'yan kwana-kwana na Jihar Barno su riƙa zagaya unguwanni tun farkon Nuwamba tare da lawanai da bulamomi, gidan rediyo da talabijin na BRTV kuma ya riƙa maimaita wannan faɗakarwa da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin kula da harkar gas, ta sa ido kan masu ɗura gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar gidajen jama'a. 'Yan kasuwa su shigo da ƙararrawar gano iska mai guba, 'yar ƙarama ce mai aiki da batir, masu makarantun kwana da otal-otal kuma a wajabta musu sa ta. Malaman tsangaya su lura da almajiran da suke shiga da garwashi zaure su rufe ƙofa.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci jama'a da su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. Da limamanmu za su ware huɗuba guda a farkon kowane hunturu su tuna wa mutane wannan umarni, da an ceci rayuka masu yawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce wuta ba ta da ƙarama. Saboda haka maigida, kafin ka ja bargo yau da dare, ka zagaya ɗakunan gidanka ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata kasko yana waje, kan tukunya a rufe yake, kuma an bar wa iska 'yar kafa.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.